Kansar mafitsara a ƙananan yara: yadda muke bi tun daga robar fitsari har ƙarshen magani

Yaran da ake kawo mana da wannan ciwo yawancinsu ba su kai shekara biyar ba, kuma maza sun fi yawa. Kukan uwa kusan iri ɗaya ne: yaro ya tsuguna yana yunƙuri yana kuka, fitsarin sai ɗigo-ɗigo, mararsa ta yi tauri ta kumbura. Wani lokaci akwai jini, wani lokaci ta ga ɗan guntun nama mai santsi a cikin famfas. Wasu kuma bayan gida ne ya fara gagara, domin abin yana danne dubura ta baya. Kafin su iso wurinmu galibi an sha maganin sanyi zagaye biyu ko uku, an sha na tsargiya, an sha jiƙo.

Zargin tsargiya ba wauta ba ne a ƙasarmu, inda yara ke wanka a kududdufi da magudanan noman rani. Sai dai tsargiya ta fi kama yaron da ya isa zuwa rafi da ƙafarsa, jininta a ƙarshen fitsari yake zuwa, kuma ba kasafai take toshe fitsarin ɗan shekara biyu ba. Muna duba ƙwayayenta a fitsarin da aka ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. Ko da an same su, yaron da fitsari ya tsaya masa sai an yi masa hoton ciki, domin samun tsargiya bai hana samun wani abu a bayanta ba. Sauran abubuwa biyu da ke kama da shi su ne tsakuwar mafitsara da toshewar hanyar fitsari da ake haifar yara maza da ita. A hoton sikanin, tsakuwa tana jefa inuwa a bayanta, tana kuma gangarawa idan aka juya yaron. Gudan jini ma yana motsi. Ƙari kuwa yana nan maƙale inda yake, kuma idan aka kunna launin da ke nuna gudun jini, za a ga jijiyoyi a cikinsa. A yi hoton mafitsara na cike, a kuma leƙa ƙoda biyu a ga ko sun kumbura.

Ƙarin da ya fi fitowa a mafitsarar ƙaramin yaro shi ne rabdomayosakoma, kansar da ke tasowa daga ƙwayoyin da asalinsu tsoka za su zama. Wurin da ya fi so shi ne ƙasan mafitsara, inda bututun ƙoda biyu ke shigowa, da wuyanta, da kuma furostet, wato ƙullin da ke zagaye da hanyar fitsari a ƙasan mafitsarar namiji. Idan ya girma, sau da yawa ba a iya cewa daga mafitsara ya faro ko daga furostet, shi ya sa ake haɗa su a lissafi ɗaya. Wannan mazauni nasa shi ne tushen duk wahalar: yana zaune a kan mahaɗar da fitsari ke shiga da fita, kusa da tsokar da ke riƙe fitsari da jijiyoyin gaba.

Aikin ranar farko buɗe wa fitsari hanya ne. Muna sa roba ta gaba, lamba 6 ko 8 gwargwadon girman yaron, da man santsi mai yawa, a hankali, ba a turawa da ƙarfi. Ba ma hura balan-balan ɗin robar sai mun ga fitsari yana fita, domin ƙarin yana karkatar da hanyar, kuma hura shi a cikin furostet yana yaga ta. Abin da muke gudu matuƙa shi ne huda mara a sa roba kai tsaye cikin mafitsara. A wasu cututtukan wannan dabara ce mai kyau, amma a nan tana buɗe wa ƙwayoyin kansa hanya su bi ramin su zauna a bangon ciki. Idan ƙoda sun kumbura kuma gwajin jini ya nuna suna gazawa duk da robar, sai a sa siririn bututu ta baya ya shiga ƙodar kanta, ko a zura wani daga mafitsara zuwa sama idan bakin bututun yana ganuwa. Daren farko bayan an buɗe hanya ba na barci ba ne ga ma'aikatan jinya. Ƙodar da ta daɗe a toshe takan saki fitsari fiye da kima, yaro ya bushe cikin sa'o'i kaɗan. Ana auna abin da ya fita kowace awa, a mayar masa da ruwa daidai gwargwado, a duba gishirin jini, musamman fotasiyam, sau biyu a rana har ya daidaita.

Akwai kuskuren da muke gani a yaran da aka turo daga wani wuri, kuma shi ne ya fi komai ɓata lissafi: an ga ƙari a hoto, sai aka shiga tiyata aka tsaga mafitsara aka kwashe abin da hannu ya kai. Niyyar mai kyau ce, amma ƙarin da ke wuyan mafitsara ba ya fita gaba ɗaya ta haka. Saiwarsa tana nan, an watsa ƙwayoyinsa cikin ciki, kuma an jinkirta kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, da makonni ana jiran ciwo ya warke. Abin da ake buƙata a farko ɗan guntun nama ne kawai don a san sunan cutar.

Muna ɗebo shi ta madubin mafitsara, yaro na barci. Da an cika mafitsara da ruwa, abin da ido ke fara gani a yawancin yaran shi ne curin ƙulle-ƙulle masu sheƙi, fari-fari da ratsin ja, suna lilo a cikin ruwan kamar nonon inabi, suna rufe bakin hanyar idan ruwa ya juyo da su. A nan ne mutum ke gane dalilin da ya sa yaron yake fara fitsari sai ya yanke. Muna tsinke guntaye da ɗan hantsaki mai sanyi, ba da waya mai wuta ba, saboda wuta tana dafa naman, likitan da zai duba shi a madubin gwaji ya rasa abin karantawa. Kuma ba saman ƙullin kaɗai ake ɗauka ba. Saman galibi ruwa ne da kumburi, sakamako ya dawo da cewa kumburi ne kawai, kowa ya saki jiki. Ƙwayoyin kansar suna taruwa ne a wani siririn layi a ƙarƙashin fatar mafitsara, don haka guntun sai ya haɗo da fatar da abin da ke ƙasanta, daga wurare uku ko huɗu. Idan ƙarin yana cikin furostet madubi bai kai gare shi ba, sai a yi amfani da allurar yankan nama ana kallo a sikanin. Tun yaron bai farka ba muke ɗebo ɓargo daga ƙashin ƙugu dama da hagu, don kada a sake sa shi barci a kan wannan.

Naman yana tafiya ɗakin gwaji cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10, da takardar da ta faɗi shekarun yaro da inda aka ɗebo. Kallon farko yana nuna ƙananan ƙwayoyi masu launin shuɗi, kuma cututtuka da yawa haka suke, shi ya sa muke nacewa a yi rini na musamman. Alamomin tsoka da rinin ke nunawa, desmin da mayojenin da MyoD1, su ne ke tabbatar da rabdomayosakoma. Inda akwai hali ana neman haɗewar ƙwayar gado ta FOXO1. Yawancin na mafitsara ba su da ita, kuma rashinta albishir ne. Iyaye kan ga kuɗin rinin ya yi yawa, ga jiran mako ɗaya ko biyu, amma akwai cututtuka biyu da sai da shi ake raba su. Ɗaya wani ƙari ne na kumburi da galibi ke nuna alamar ALK, wanda tiyata kan wadatar da shi ba tare da wannan kemo ba. Ɗayan kuma shi ne rabdoyid, mafi muni a cikinsu, wanda ya fi kama jarirai, yana girma cikin makonni. Ana gane shi da ɓacewar alamar INI1 daga ƙwayoyinsa. Maganinsa ya fi zafi, sai an yi hoton kai da na ƙoda, domin wasu yaran da lahanin aka haife su kuma yana iya fitowa a wuri fiye da ɗaya. Sakamakonsa har yau ba mai daɗi ba ne, ko a manyan asibitocin duniya, kuma muna faɗa wa iyaye haka tun farko.

Ana jiran sakamako ana auna nisan cutar. Hoton MRI na ƙugu yana ba mu girman ƙarin ta fuska uku, da ko ya taɓa dubura ko farji, da ko kaluluwar ciki ta kumbura. Hoton CT na ƙirji don huhu ne, domin can ya fi gudu, sai ƙashi da ɓargo. Santimita 5 ita ce iyakar da ake lura da ita: ƙarin da bai wuce haka ba kuma kaluluwa lafiya, mataki na 2 ne, wanda ya wuce ko ya taɓa kaluluwa, mataki na 3, wanda ya kai huhu, ƙashi ko ɓargo, na 4. Kada a fara kemo ba tare da waɗannan ma'aunai a rubuce ba, domin da su za a gwada bayan mako tara.

Zaman da muke yi da iyaye kafin allurar farko yana cin awa guda, kuma muna so uba ya zo, da duk wanda ke da ta cewa a gidan, kaka ce ko kawu. Abu uku muke so su tafi da shi: maganin zai ɗauki wata shida zuwa goma, yaro zai ji sauƙi ƙwarai cikin wata biyu na farko, wannan sauƙin ba warkewa ba ne. A daidai nan ne muke rasa yara da yawa. Ƙari ya motse, an cire roba, yaro yana fitsari yana wasa, kuɗi sun yi ƙasa, damina ta kama, sai a ce bari a huta. Wanda ya dawo bayan wata huɗu yana dawowa da cutar da ta riga ta saba da maganin.

Tsarin kemo iri biyu ne aka fi sani. Na Amurka ana kiransa VAC: binkiristin, aktinomaisin da saikulofosfamaid, kowane mako uku, kimanin mako 42. Na Turai kuma IVA, inda ifosfamaid ke maye gurbin na ukun, zagaye 9. A na Turai ifosfamaid giram 3 ne ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, kwana biyu a jere. Binkiristin miligiram 1.5 ga kowace murabba'in mita, ba ya wuce 2 komai girman yaro, kuma kowane mako ake ba da shi a makonni bakwai na farko. Yaro mai kilo 12 faɗin jikinsa ya ɗan haura rabin murabba'in mita, don haka binkiristin ɗinsa kusan miligiram 0.8 ne. Jariri da bai kai shekara ba, ko wanda bai kai kilo 10 ba, da kilo ake yi masa lissafi, a kuma rage. Mutum biyu ke yin lissafin kowa shi kaɗai, sannan a haɗa, kuma ana sake auna nauyi a kowane zagaye. Ga yaron da ƙodarsa ta sha wuya da toshewa mun fi karkata ga saikulofosfamaid, saboda ifosfamaid yana lalata ƙananan bututun ƙoda, yaro ya riƙa zubar da fosfet, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, a fitsari har ƙasusuwansa su yi laushi.

Kowane ɗaya cikin magungunan yana da nasa sharrin da aka sani. Saikulofosfamaid da ifosfamaid suna sakin wani guba a fitsari da ke ƙona fatar mafitsara ta yi jini, kuma mafitsarar da ke da ciwo tun farko ba ta da juriya. Kariyarsa maganin mesna ne da ƙarin ruwa kimanin lita 3 ga kowace murabba'in mita a yini, da tabbatar da cewa roba ba ta toshe ba. Robar da ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinyar yaro na awa uku ta isa ta jawo jinin. Binkiristin yana kashe hanji ya kawo taurin bayan gida, don haka muna fara maganin laushin ciki tun ranar farko. Yana kuma taɓa jijiyoyi: ciwon muƙamuƙi, fatar ido ta sauko, yaro ya fara jan ƙafa yana tuntuɓe. Idan ya zube a wajen jijiya yana cin nama, shi ya sa ba a tura shi sai an ga jini yana dawowa a allurar. Ta jijiyar jini kaɗai ake ba da shi. Shigarsa ruwan ƙashin baya kisa ne. Aktinomaisin kuma hanta yake taɓawa, musamman a 'yan ƙasa da shekara uku. Idan ido ya yi shawara, ciki ya kumbura, nauyi ya ƙaru farat ɗaya, a kawo yaro a ranar.

Tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan kowane zagaye ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta suna faɗuwa ƙasa. Kowane gida sai ya mallaki ma'aunin zafi. Idan ya nuna 38, ba a ba da farasitamol a jira gari ya waye, asibiti ake nufa, kuma ƙa'idarmu ita ce maganin kashe ƙwayoyin cuta ya shiga jijiya cikin awa ɗaya da isowa. Muna gwada zazzaɓin cizon sauro, amma ko ya fito ba ma janye wancan maganin, domin su biyun suna haɗuwa. Ba a sa maganin matsi ta dubura, ba a yin kaciya, ba a tsaga, ba a cire belu. Yaro yana shan kotirimokzazol kwana uku a mako don kare huhu, yana kwana a gidan sauro, ana nisanta shi da mai ƙyanda ko ƙarambau, ana dakatar da rigakafi masu rai har bayan magani. Zagaye na gaba ba ya tashi sai ƙwayoyin nutirofil, masu yaƙi da cuta, sun kai 1,000, masu tsayar da jini kuma 80,000.

Bayan zagaye uku, wato mako na 9, ana sake MRI. Abin da muke fata shi ne ƙarin ya ragu da akalla kashi ɗaya cikin uku. Idan bai yi ba, sai a sake duba naman farko, a canza magani. Idan ya yi, sai a zauna a kan tambaya mafi nauyi: me za a yi wa wurin da ya tsiro? Kemo shi kaɗai ba kasafai yake gamawa da shi ba.

A da, kafin a san amfanin kemo, kwashe kayan ƙugu gaba ɗaya ake yi, mafitsara da furostet, wani lokaci har dubura. Ƙungiyar binciken wannan cuta da aka kafa a Amurka a 1972 ita ce ta juya tsarin sannu a hankali, kemo ya dawo gaba, wuƙa ta koma baya. A bincikenta na huɗu, na shekarun 1990, fiye da yara 8 cikin 10 masu ciwon mafitsara da furostet da bai bazu ba sun rayu, amma kusan 4 cikin 10 ne kawai suka tsira da mafitsara mai aiki yadda ya kamata. Wannan adadi na biyu ya kamata kowane likita ya riƙe, domin barin mafitsara a jiki daban, amfaninta daban.

Idan ƙarin a saman mafitsara yake, an yi sa'a: a yanke wannan ɓangaren da ɗan lafiyayyen nama a gefensa, a ɗinke sauran. Irin wannan kaɗan ne. Na ƙasa da na furostet gashi ake yi musu, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, kusan mako na 13. Idan akwai sauran ƙari da ido ke gani, gire 50.4 ne (gire shi ne ma'aunin hasken gashi), ana ba da 1.8 kullum, zama 28, kwana biyar a mako. Ɗan shekara biyu ba ya kwanciya shiru, don haka kullum sai an sa shi barci, kullum da azumin safe. Ana dakatar da aktinomaisin a lokacin gashi saboda yana ninka ƙunar. Ga 'ya mace, kafin a fara ana ɗaga ma'ajiyar ƙwanta a ɗinke ta can sama nesa da hasken. Gashin yana rage girman ƙashin ƙugu, yana iya busar da mafitsara ta ƙanƙance, yana taɓa dubura, kuma ƙaramin yaro ya fi jin wannan duka. Don rage ɓarnar ne cibiyar Gustave Roussy da ke gefen Paris a Faransa ta shahara da wata hanya: a yanke abin da za a iya ba tare da taɓa tsokar riƙe fitsari ba, a dasa siraran bututu a wurin, a riƙa zura hasken ta cikinsu. Tana yi wa ƙarin da bai hau saman mafitsara da nisa ba. A Arewa sassan gashi suna asibitocin koyarwa irin na Shika a Zariya da na Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Shawarata ita ce a nemi gurbi tun makon farko na kemo, har da maganar mai sa barci, domin mako na 13 ba ya jiran kowa.

Akwai tarko guda bayan gashi. Hoto kan nuna sauran curi, a ɗebo nama, a ga manyan ƙwayoyi masu kama da tsoka. Waɗannan sau da yawa ƙwayoyin kansa ne da magani ya tilasta musu balaga, sun daina rabuwa. Ba a cire mafitsara a kansu, ana sa ido ne. Cirewa sai idan an tabbatar da ƙwayoyi masu rai suna girma bayan kemo da gashi, ko cutar ta dawo. A lokacin kuwa ba a jan ƙafa, rai ya fi mafitsara. Ana karkatar da fitsari zuwa jaka a bangon ciki ta guntun hanji. Idan yaro ya girma ya shekara da shekaru lafiya, ana iya ɗinka masa ma'ajiya daga hanji, a yi mata ƙofa da afendis, ɗan siririn reshen nan na hanji, dabarar da likitan Faransa Paul Mitrofanoff ya bayyana a 1980. Yaron da kansa zai riƙa zura roba yana zubarwa kowace awa uku zuwa huɗu.

Ga yaran da ke rukunin haɗari mai yawa, binciken Turai da aka fitar a 2019 ya nuna amfanin ƙara wata shida na magani mai sauƙi bayan an gama: binorelbin ta jijiya sau uku a kowane mako huɗu, da ƙaramin saikulofosfamaid na sha kullum.

Bibiya tana farawa ranar da aka gama. Hoton ƙugu da na ƙirji kowane wata uku a shekarar farko, sannan a riƙa tsawaita tazarar har shekara biyar, domin yawancin dawowar cutar a cikin shekara uku na farko take faruwa. Muna auna hawan jini, aikin ƙoda da fosfet, da tsawon yaro. Mafitsarar ma ana auna ta: shekarun yaro a ƙara ɗaya a ninka da 30, shi ne mililitar da ya kamata ta ɗauka, wato 120 ga ɗan shekara uku. Uwa takan rubuta mana na kwana biyu, sau nawa ya yi fitsari, nawa ya fito a kofin awo, ko wando yana jiƙewa tsakani. Yaron da ke zuwa kowace rabin awa da cokali uku-uku, ko wanda ƙodarsa ta fara kumbura a sikanin, ana yi masa gwajin matsin mafitsara a fara maganin sassauta ta kafin matsin ya koma sama ya cinye ƙodar. Muna kuma sake tambayar tarihin gida: idan uwa ko 'yar'uwarta ta yi kansar nono tun tana ƙuruciya, ko wani yaro a dangi ya yi kansa, muna tura su gwajin ƙwayar gado ta TP53, domin sakamakonsa yana shafar yadda za a bibiyi yaron da 'yan'uwansa.